Daga Garwa Zuwa Ruwan Tello, da Maganar da Na Haɗiye

Rana ta farko: Garwa zuwa Ngawundere

Tun kafin ladanin unguwarmu ta Yelwa ya yi kiran farko Hajiya ta riga ta gama ɗaure kaya. Jakar tufafina ɗaya ce. Sauran duk na Abba ne, ɗanmu na fari: ƙunshin kilishi da ta sa na yi da hannuna, kwalbar man shanu, da yajin daddawa. Sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa muke ce masa Abba.

Ni mahauci ne, haka ubana, haka kakana da ya biyo fatake daga ƙasar Kano ya zauna a Garwa. Shekara talatin da wani abu ina sayen shanu ina kaiwa mayanka. Abba kuwa da ya gama lise, wato sakandare, sai ya tafi jami'a a Ngawundere, ya karanta ilmin daji da itatuwa, ya gama ya ƙi dawowa. Shekararsa biyu ke nan a wajen Tello yana aiki da masu kula da kurmi, wani lokaci yana raka baƙi su ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Sau uku yana kirana in zo in gani ina cewa kasuwa ta riƙe ni. A na huɗu ya ce, "Baba, don Allah ka zo kafin watan nan ya ƙare. Akwai maganar da nake so mu yi." Na amsa, amma da niyya biyu na amsa: in sayi shanu a kara, wato kasuwar shanu ta Tello, in kuma taso ƙeyarsa mu dawo gida ya kama wuƙa.

A bakin ƙofa Hajiya ta ce, "Alhaji, in ka je ka saurare shi. Kada ka fara da faɗa."

Na ce, "Yaushe kika taɓa jin na yi masa faɗa?"

Ta miƙo mini buta.

Na yi sallar asuba a ajans, wato tashar manyan motoci, na biya jaka biyar. Ƙarfe shida saura kwata muka tashi. Da muka hau gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika har ya ci gonakin bakin ruwa, masunta suna ta tura jiragensu. Bayan gada kaɗan jandarmomi suka tare mu, kowa ya fito da katin shaida. Wata tsohuwa ta ce nata yana cikin buhun gero a saman mota. Jandarman ya dube ta, ya dubi saman motar, ya ce mu tafi.

Ƙarfe bakwai da minti goma muna Ngong. Na sayi ƙosai na dala ashirin da kunu mai zafi. Daga Guna hanya ta fara nuna halinta, rami sai ka ce an haƙa da gayya. Da motar ta faɗa wani ramin har hulata ta cire, na ce, "Direba, ka ji tsoron Allah mana!"

Ya ce, "Alhaji, ni ina jin tsoronsa. Ka gaya wa hanya."

A tsakiyar dajin da ke gefen gandun namun daji muka ga gwaggon biri zaune a bakin kwalta da 'ya'yansu, ko motsi ba su yi ba. Sha ɗaya da rabi muka tsaya a Mbe, inda mata ke jera doya tuli-tuli. Daga nan sai hawan dutsen da ake ce wa falez, kwana bayan kwana, mota tana nishi, ga wata babbar motar siminti kwance a gefe ƙafafu sama. Muna kaiwa sama iska ta sauya, sanyi ya shigo ta taga, kowa ya fara neman mayafi.

Da muka zo Dang, inda jami'ar take, na ga ɗalibai suna tafe da jakunkuna a baya. Nan Abba ya yi shekara huɗu. A cikin shekarun nan na ratsa garin ya fi sau goma sha biyar, ban taɓa cewa direba ya sauke ni in ga ɗakin da yake kwana ba. Ban san me ya kawo mini wannan tunanin ba a lokacin, na dai kawar da kai daga taga.

Biyu da kwata muka shiga Ngawundere, kilomita ɗari biyu da saba'in da 'yan kai daga gida. Na sauka gidan tsohon abokina Alhaji Hamadu, Bafulatani, dillalin shanu, wanda muka fi shekara ashirin muna hulɗa. Ya tare ni da gaisuwar Fulatanci.

"Jam na, Alhaji?"

Na ce, "Jam koɗume, lafiya lau. Sai dai baya."

Ya yi dariya, aka kawo tuwon masara da miyar yakuwa da kindirmo mai sanyi a ƙwarya. Bayan la'asar Abba ya iso a kan babur, da dogon takalmin roba duk jan laka. Ya cire takalmin a waje, ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni. Wata tara rabona da shi. Ya yi baƙi, ya ajiye gemu, kafaɗunsa sun buɗe.

Na ce, "Ka rame."

Ya ce, "Aiki ne, Baba. Yaya su Inna?"

Ya ce ya shirya mu fita da sassafe mu isa wurin ruwan kafin rana ta ɗaga, don a lokacin ya fi kyan gani, kuma Baba Nana, dattijon da ya koya masa hanyoyin kurmin, zai jira mu tun ƙarfe tara. Na ce gobe kara take ci, sai na gama da shanu tukuna. Alhaji Hamadu ya ce, "Shanun ba za su gudu ba, ni zan tsaya maka." Na ce ban taɓa sayen sa da idon wani ba. Abba ya ce, "To, Baba."

Rana ta biyu: karar Tello da magangarar ruwa

Shida da kwata muka fita a tsohuwar motar Alhaji Hamadu mai buɗaɗɗen baya, muka ɗora babur ɗin Abba a ciki. Tafiyar ba ta kai kilomita sittin ba, amma jar ƙasa ce kuma an yi ruwa kwana biyu kafin nan. Sau ɗaya muka kafe a wani kwari. Abba ya sauka ya saro rassa ya shimfiɗa ƙarƙashin taya, ya tura, muka fita. Tara saura minti ashirin muka ji kukan shanu.

Karar Tello ba baƙuwata ba ce. Na zo ta fiye da sau ashirin, kuma ko sau ɗaya ban taɓa tambayar ina ruwan da ake magana yake ba, alhali tsakaninsu ba nisa. Ranar an shigo da shanun gudali masu kyau, jajaye, tozo kamar tulu. Na shiga cikinsu na manta da kowa. Ina taɓa ƙirji, ina duba haƙori, ina jan wutsiya. Abba yana biye da ni riƙe da jakata. Ƙarfe goma ya ce, "Baba, Baba Nana yana jira." Na ce ya jira. Sha biyu ya sake faɗa, na yi kamar ban ji ba. Sai ɗaya saura na gama, bijimai shida, aka buga musu shaida.

Muka zauna a rumfar mai shayi da 'yan kasuwa, wasu daga Marwa, wasu daga Garwa, duk mun san juna. Wani dillali mai yawan surutu ya nuna Abba da baki ya ce, "Alhaji, wannan naka ne? Wace sana'a yake yi?"

Ga abin da na ce, kuma zan rubuta shi yadda na faɗe shi. Na ce, "Sana'a? Ƙirga itatuwa yake yi a daji. Jikan mahauta ne ya koma ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido. Ku taya ni addu'a."

Rumfar ta kwashe da dariya. Wani ya ce a tambaye shi ko itatuwan sun cika. Ni ma na yi dariya. Alhaji Hamadu kaɗai ne bai yi ba, ya sunkuya yana juya kofinsa. Abba yana tsaye a bakin rumfar. Ya ajiye jakata a kan benci a hankali, ya ce zai je ya sauke babur.

Bayan azahar ya goya ni a babur muka bi wata 'yar hanya cikin ciyawa da ta fi mutum tsawo. Ba mu yi rabin awa ba na fara jin wani ruri kamar hadari yana tasowa, ga shi sama garau. Ƙarƙashin wata bishiyar ɓaure muka tarar da Baba Nana zaune a kan dutse da sandarsa. Tsoho ne ɗan ƙabilar Mbum, gajere, Hausarsa a haɗe da Fulatanci. Tun tara na safe yake wurin. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Baban Abba ne ai. Ko gobe ka zo zan jira."

Gangarawa ƙasa sai da taka tsantsan, matakala ce ta duwatsu da saiwoyi, ko'ina santsi. Abba yana gaba yana nuna mini inda zan sa ƙafa. Muna zagaya wani dutse sai ga shi.

Ni mutumin Garwa ne, a bakin kogi aka haife ni, na ɗauka na san ruwa. Wannan kogi ne sukutum ya zo bakin dutse ya faɗo, tsawon da ya fi hasumiyar masallaci, fari fat, yana dukan ƙasa har kana jin bugun a ƙirjinka. Feshinsa ya tashi kamar hayaƙi ya jiƙa mini riga tun ina nesa. Ƙasa wani tafki ne kore, kewaye da manyan itatuwa da igiyoyi na reto. Na tsaya baki buɗe. Abin da ya fito mini kawai shi ne, "Tabarakallah."

Baba Nana ya ce da da safe muka zo, da mun ga bakan gizo kwance a kan feshin. Yanzu rana ta juya bayan dutse.

Abba ya kama hannuna, abin da bai yi ba tun yana ɗan shekara biyar, ya ja ni ta gefe muka shiga bayan ruwan. Ashe akwai wani babban kogo a can, ya isa ya ɗauki jama'ar sallar idi ta ƙaramin ƙauye. Kana ciki ruwan yana zuba a gabanka kamar labule, hasken waje yana ratsowa. Jemagu a sama, ƙasa damshi. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Na ga bakinsa yana motsi, amma ƙarar ruwan ta cinye maganar.

Na ɗaga murya, "Me ka ce?"

Ya dube ni ɗan lokaci, ya girgiza kai. "Ba komai, Baba."

Muka yi alwala a bakin tafkin muka yi la'asar a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse. Da muka hau sama Abba ya bar ni da Baba Nana, ya ce zai hau wancan tudun, nan ne kaɗai waya ke samu. Ya yi kamar minti goma ya dawo.

A wani ɗan gari da ke bakin kogin muka sauka, gidan Baba Nana. Ɗakin Abba aka ba ni: katifa a ƙasa, littattafai cikin kwali, taswira a bango. Matar gidan ta kawo tuwon rogo da miyar kifi, da zuma a ɗan kwano, baƙa mai ɗan ɗaci. Na nemi in ba da wani abu na masauki, Baba Nana ya ɓata rai sai da na mayar aljihu.

Rana ta uku: cikin kurmi

Shida da rabi muka fita mu uku, bayan kunun gyaɗa. Daga bayan gari hanya ta gangara bin kogi. Taku kaɗan muka bar ciyawa da rana muka shiga inuwa, kamar an rufe ƙofa a bayanmu. Ban taɓa shiga irin wannan wuri ba. Itatuwa sun miƙe ba ka ganin ƙarshensu, ƙasa ganye ne ruɓaɓɓe mai taushi, wari kamar na sabuwar tukunya da aka zuba wa ruwa. Tsuntsaye suna ta kuka ba ka ganin ko ɗaya.

A nan na ga wani Abba da ban sani ba. A gida shiru-shiru ne, sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya amsa. A kurmi kuwa shi ne mai magana. Wannan maɗaci ne, ya girmi kakan kakana. Wannan malmo ne, inda ka gan shi akwai ruwa kusa. Wannan ɓawon mata ke dafa wa mai jego. Ya tsayar da ni da hannu ya nuna sama: wasu birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa kamar sun yafa alkyabba, suna tsalle daga reshe zuwa reshe. Can gaba ya riƙe mini riga ya ce in ɗaga ƙafa sosai, ashe layin kwarkwasa ne ya ratsa hanya, faɗinsa ya kai tafin hannu.

Wajen ƙarfe tara muka fito wani fili da aka kewaye da ƙaya. Ɗaruruwan 'yan itatuwa ne cikin baƙaƙen leda, an jera su layi-layi ƙarƙashin rumfar tukurwa. Ya ce shi da matan garin suka tara irin, su suke ban ruwa, in damina ta dawo za a dasa a inda wuta ta ci bara waccan.

Muna nan sai ga wani makiyayi da garkensa sun gangaro mashaya. Da ya ga Abba ya jingine sanda ya zo ya ba shi hannu biyu. Baba Nana ya gaya masa ko ni wane ne. Mutumin ya juyo gare ni ya yi magana mai tsawo da Fulatanci, kuma ina jin Fulatanci sarai. Ya ce shekara da shekaru suna rigima da mutanen gari a kan wannan mashaya, har an taɓa zub da jini, su kuma don haushi sukan sa wa dajin wuta. Ya ce yaron nan ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin ruga da gari wata biyar, har aka yanka musu burtali aka bar musu wurin shan ruwa. Ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka ɗa."

Na ce, "Usoko," wato na gode. Abba yana gefe yana gyara wata leda da ta karkace. Na san ya ji. Ina iya juyawa in ce masa ko da kalma ɗaya ce. Sai na tambayi makiyayin ko zai sayar da jan bijimin can.

A kan hanyar dawowa akwai wani rafi da ake tsallakawa a kan gungumen itace. Abba ya miƙo hannu, na ce ya bari, ni ba yaro ba ne. Taku uku na yi takalmina ya zame. Na faɗa cikin rafin, ƙafar hagu ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, gwiwa ta murɗe. Zafin da na ji har sai da na ga duhu.

Kafin in gama salati ya diro cikin ruwan. Ya ɗaga dutsen, ya zaro ƙafar, ya jawo ni gaɓa. Ya taɓa gwiwar ta ko'ina yana kallon fuskata, ya ce ƙashi bai karye ba. Ya yage rigarsa ta ciki, Baba Nana ya saro sanduna biyu, suka ɗaure. Na gwada tsayuwa na kasa. Babur ba ya shiga wurin, kuma zuwa gari ya kai kilomita biyu, rabi duk hawa ne.

Ya durƙusa a gabana ya ce, "Hau, Baba."

Ni ba ƙaramin mutum ba ne, duk wanda ya san ni ya sani. Haka ya goya ni. Ina jin numfashinsa, ina ganin zufa tana bin bayan kunnensa, ƙafafunsa suna rawa a wurin hawa amma bai tsaya ba sai sau biyu. Bakina yana daidai kunnensa. Duk tsawon hanyar nan maganar tana nan a maƙogwarona: na yi kuskure jiya, aikinka aiki ne, Allah ya yi maka albarka. Na shirya ta, na sake shirya ta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bi a hankali, kada ka kayar da ni."

A hutu na biyu ya zaunar da ni a kan wata saiwa, ya ba ni ruwa, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, gobe da yamma zan bi jirgin ƙasa. An ba ni aiki a babban kurmin gabas, gaba da Belabo. Shekara uku ne. Jiya na ba su amsa."

Na ji kamar an sake murɗe gwiwar. Amma abin da ya taso mini fushi ne, wai ya yanke ba tare da ni ba. Na ce, "To tunda ka riga ka yanke, me ya rage? Kiran me ka yi mini?"

Baba Nana ya dube ni, ya dubi Abba, ya tashi ya yi gaba. Abba ya sake durƙusawa na hau.

Rana ta huɗu: tashar jirgi

Alhaji Hamadu ya zo da mota ƙarfe takwas. Baba Nana ya ba ni kwalbar zuma, ya riƙe hannun Abba ya daɗe bai saki ba, matan gari suka fito har bakin hanya suna yi masa addu'a. Kayansa duka jaka biyu ne da kwalin littattafai. Babur ɗin ya bar wa wanda zai gaje shi.

Sha ɗaya muka shiga Ngawundere. Aka kai ni wurin wani maɗori, ya ja ƙafar har na kira sunan uwata, ya shafa magani ya ce targaɗe ne, in yi sati biyu ban taka sosai ba. Abba ya tafi ya sayo mini sanda mai lanƙwasa a kasuwa, ya gwada tsawonta a jikina, ya sa aka rage.

Bayan magariba muka je tasha. Cike take: sojoji, ɗalibai, mata da buhunan wake, masu sayar da burodi da fiya. Na zauna a kan benci saboda ƙafa. Na ba shi ƙunshin da uwarsa ta aiko, ya sunsuna kilishin ya yi ɗan murmushi. Da aka fara kiran fasinja ya durƙusa a gabana a tsakiyar jama'a, ya sunkuyar da kai. Na san abin da yake jira. Kowane uba ya sani.

Na ce, "Ka riƙe salla. Ka riƙa kiran uwarka."

Ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Ya ƙara jira kaɗan. Sannan ya miƙe, ya gai da Alhaji Hamadu, ya saɓa jakarsa. Bakwai da 'yan mintoci jirgin ya yi kuka ya ja.

A mota Alhaji Hamadu bai tayar da inji ba. Ya ce, "Alhaji, zan gaya maka magana, in ka so ka yi fushi. Takarda biyu yaron nan ya samu, ya nuna mini su tun watan jiya. Ɗaya ta gabas ce. Ɗayar kuma a Garwa ce, wurin renon itatuwa a bakin Binuwai, tsakaninsa da gidanka ko kuɗin babur ba sai an biya ba. Ta Garwa yake so, saboda uwarsa. Ya ce bari ka zo ka ga aikin da idonka, in ka yarda aiki ne, sai ya dawo gida ya yi shi a gabanka. Shi ne kiran da ya yi maka."

Na ce, "Me ya hana shi faɗa?"

"A ina zai faɗa? A rumfar mai shayi? Shekaranjiya da yamma ya kira ni daga kan tudu, ya ce, Baffa, ba zan iya zama a Garwa ina wucewa ta gaban rumfar Baba ana nuna ni ana dariya ba."

Na ce ya kira shi yanzu, a sauke shi a tasha ta gaba. Alhaji Hamadu ya ce, "Ya riga ya ba mutane magana. Kai ka koya masa ba a sauya magana." Ya tayar da mota.

Rana ta biyar: komawa gida

Shanun na bar wa Alhaji Hamadu ya loda su a babbar mota. Ni na bi motar ƙarfe bakwai, aka ba ni kujerar gaba saboda ƙafa, na ƙara jaka ɗaya. Muka sauko falez sanyi yana raguwa, zafi yana ƙaruwa. A Mbe yaran mota suka sayi doya, ni ban sauka ba. Direban yana ta jana da hira, ya tambaye ni me na je yi Adamawa. Na ce na je ganin ɗana. Ya ce, "Madalla, yana lafiya?" Na ce lafiya lau. Jandarmomin Guna suka duba kati, na kusa da gada ma suka duba. Uku saura kwata na ga Binuwai.

Hajiya ta ga sanda da ɗaurin ƙafa ta yi salati. Na zauna a tsakar gida na gaya mata komai, ban rage ba, har da maganar rumfar mai shayi da ta takarda biyu. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito ta ajiye mini wayata a kan cinya.

Na kira, ba ta shiga. Na sake kira bayan la'asar, haka. Sai ƙanwarsa ta nuna mini yadda ake aika murya. Na riƙe wayar na faɗi duk abin da na kasa faɗa a kogo da kan hanya da tasha. Bai kai minti ɗaya ba. Ashe iyakar tsawonsa ke nan.

Kwana goma sha ɗaya saƙon yana nan bai isa ba, don inda suke babu waya sai sun fito gari. Kullum da safe kafin in tafi mayanka sai na duba. A rana ta sha biyu amsa ta zo, ana jin ruwan sama yana dukan kwano a bayansa. Ya ce, "Na ji, Baba. Amin, amin. Na gode. Yaya gwiwar?" Hajiya ta sa an maimaita mata ya fi sau goma. Ya ce sai babbar salla ta baɗi zai samu hutu. Aikin Garwa kuwa an ba wani.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Hamadu da iyalinsa, saboda masauki da mota, da kuma gaskiyar da ya gaya mini ba tare da ya tauna ba. Na gode wa Baba Nana da ya yi awa biyar a kan dutse yana jirana, da matarsa, da maɗorin da ban ma tambayi sunansa ba. Wanda duk hanya ta kai shi Tello, ya bar shanu su jira, ya je wurin ruwan da safe. Godiyata ta ƙarshe ga Abba ce, wanda ya goya ni kilomita biyu a cikin kurmi, ya sauke ni a ƙofar gida, ban ce masa ko sannu ba.